Kofin Allan: Tarihin Gasar Hoki ta Manya a Kanada da Inda Ta Dosa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wasan da ake yi a kan ƙanƙara, a ƙasar da ruwan tafki kan daskare har mota ta bi ta kansa? Abin da ya ja hankalina shi ne gardamar da ke cikin tarihin wannan gasa, wadda aka shekara fiye da ɗari ana yi ba a gama ba: wa ya cancanci ya shiga gasar da aka ce ta masu wasa don sha'awa ce, kuma wane gari ne zai ɗauki nauyinta? Kafin in shiga maganar, bari in ɗan bayyana wasan. Duk wanda ya ga hokin da ake bugawa a filayen makarantun sakandare ya san rabinsa. Bambancin shi ne, a Kanada a kan daskararren ruwa ake yi, 'yan wasa na sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke sulɓi da shi, kuma a maimakon ƙwallo suna bugun wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri. Mutum shida ne a kowane gefe har da mai tsaron gida, ana kuma yin zubi uku, kowanne minti 20. Idan aka ce "manya" a wannan fage, ana nufin waɗanda suka wuce shekarun gasar samari, watau suka haura shekara 20, amma ba su cikin ƙungiyoyin da wasa ne sana'arsu.

Asalin Kofin

A shekarar 1892 Gwamna Janar na Kanada, Lord Stanley, ya ba da kyautar wani kofi domin gwanayen hoki na ƙasar, aka fara ba da shi a 1893. A lokacin duk masu nemansa 'yan sha'awa ne, galibi 'ya'yan masu hali na Montreal da Ottawa waɗanda ke ganin karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne. Amma da jama'a suka fara biyan kuɗin shiga kallo, sai ƙungiyoyi suka shiga sayen gwanaye, da farko a ɓoye, daga baya a fili. Kafin 1908 Kofin Stanley ya koma hannun 'yan sana'a. Ganin haka sai wani attajirin Montreal, Sir Montagu Allan, wanda gidansu ke da babban kamfanin jiragen ruwa, ya ba da wani sabon kofi, da sharaɗin cewa na 'yan sha'awa ne kawai. Aka fara ba da shi a 1909. Ƙungiyar Ottawa Cliffsides ce ta fara riƙe shi, amma a cikin wannan shekarar ɗaliban Jami'ar Queen's ta Kingston suka ƙalubalance ta suka karɓe.

Tsarin farko ke nan: kofi yana hannun amintattu, duk ƙungiyar da ta zama zakara a yankinta sai ta aika musu da takardar ƙalubale, su kuma su sa ranar karawa a garin mai riƙe da kofin. Wannan tsari bai daɗe ba ya gaza, domin masu ƙalubale sun yi yawa, lokacin sanyi kuwa gajere ne, ga kuma rigima a kan wane ne ɗan sha'awa na gaskiya, tun da kowane lardi da irin tasa doka. Saboda haka a watan Disamba 1914 aka taru a Ottawa aka kafa ƙungiyar hokin 'yan sha'awa ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fi sani da CAHA. Sannu a hankali aka bar ƙalubale, aka koma ga tsarin fitar da zakaran Gabas da zakaran Yamma su haɗu a wasan ƙarshe. A 1928 amintattun suka miƙa wa CAHA kofin gaba ɗaya. Abin lura a nan shi ne, rigimar cancanta ce ta haifi hukumar hokin Kanada kanta, kuma kuɗin ƙofa da ake samu a wasannin Kofin Allan su ne suka daɗe suna riƙe da ita.

Zamanin Ɗaukaka

Daga 1920 zuwa farkon shekarun 1960, wanda ya ci Kofin Allan shi ne a mafi yawan lokuta ake turawa ya wakilci Kanada a gasar Olamfik ko ta duniya. Wannan ne ya ba kofin martabar da ya yi. Na farko su ne Winnipeg Falcons, waɗanda kusan dukkansu 'ya'yan baƙi ne da iyayensu suka yi ƙaura daga tsibirin Aislan. An sha hana su shiga babbar gasar garinsu saboda ana raina asalinsu. Suka ci kofin a 1920, suka hau jirgin ruwa zuwa Antwerp, suka lallasa Cekoslobakiya da ci 15 ba ko ɗaya, Amurka 2 ba ko ɗaya, Suwidin 12 da 1, suka dawo da zinariyar farko ta hoki a tarihin Olamfik. A 1924 Toronto Granites suka je Chamonix a Faransa suka zura ci 110 a wasa biyar, aka zura musu 3 kacal.

Sai dai a ƙarƙashin wannan ɗaukaka akwai wata ƙarya da kowa ya sani, ba mai faɗa. Yawancin gwanayen ba 'ya'yan masu hali ba ne. Ma'aikatan ma'adinai ne da na jirgin ƙasa da na masana'antu. Mutumin da zai bar aikinsa wata biyu ya tafi Turai, wa zai ciyar da iyalinsa? Abin ya fito fili a 1936. Halifax Wolverines ne suka ci kofin 1935, amma kafin lokacin Olamfik ƙungiyar ta watse. Aka ɗauki Port Arthur Bearcats da suka zo na biyu, aka ƙara musu mutum huɗu daga Halifax. Daga baya aka kori waɗannan huɗun, bisa zargin sun nemi kuɗin da za a riƙe iyalansu kafin su dawo. Aka je Jamus, Birtaniya ta ci Kanada 2 da 1 ta ɗauke zinariya, da 'yan wasan da mafi yawansu a Kanada suka tashi suka koyi wasan. A wannan shekarar CAHA ta sake ma'anar "ɗan sha'awa": ta yarda ɗan wasa ya karɓi diyyar kwanakin aikin da ya rasa, ta kuma yarda ya yi amfani da gwanintarsa wajen samun aikin yi. Babbar hukumar wasannin sha'awa ta ƙasar ta ƙi amincewa, a 1937 suka raba gari.

A ganina wannan ita ce shawara mafi gaskiya da aka taɓa yankewa a tarihin kofin, domin ta amsa abin da ke faruwa a zahiri. Amma ita ce kuma ta buɗe ƙofar da har yau ba a iya rufewa ba. Idan an yarda kamfani ya ba mutum aiki saboda ya iya hoki, ina iyakar aikin gaskiya da aikin suna? A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya kai inda ya kai. Taurarin NHL, babbar gasar 'yan sana'a, da suka shiga soja sai aka mai da su 'yan sha'awa a takarda. Haka Milt Schmidt da Woody Dumart da Bobby Bauer na Boston suka ci Kofin Allan a 1942 da ƙungiyar sojan sama ta Ottawa, shekara guda bayan sun ɗauki Kofin Stanley. A 1945 ba a yi gasar ba sam saboda yaƙin.

Bayan yaƙi wasu ƙungiyoyin manyan birane suka zama 'yan sana'a a komai sai dai a suna. Jean Béliveau ya yi shekara biyu yana buga wa Quebec Aces yana cika fili, yana ƙin kiran Montreal Canadiens, domin abin da yake samu a matsayin "ɗan sha'awa" ya ishe shi, har sai da rukunin nasu ya koma na sana'a a 1953. CAHA ta riga ta ga inda aka nufa, ta ware wa irin waɗannan manyan rukunoni wani kofi dabam, Kofin Alexander, wanda aka yi gasarsa daga 1951 zuwa 1954, don a bar Kofin Allan ga ƙananan garuruwa. Su kuwa ƙananan garuruwan suka riƙe shi da kyau. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta kunyata Kanada da ci 7 da 2 a 1954, Penticton Vees, daga wani garin lambunan 'ya'yan itace, suka je Jamus a 1955 suka rama da ci 5 ba ko ɗaya. Whitby Dunlops suka ci gasar duniya a 1958, Belleville McFarlands a 1959.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne garin Trail, can cikin duwatsun British Columbia, inda babu wata sana'a da ta wuce aikin narka ƙarfe. Sunan ƙungiyarsu ma Smoke Eaters, watau masu cin hayaƙi. Sun ci Kofin Allan a 1938, suka ci gasar duniya a 1939. A 1960 Chatham Maroons ta doke su a wasan ƙarshe, amma ta ƙi zuwa gasar duniya, sai aka tura Trail. A 1961 a Suwizalan suka ci Sobiyet 5 da 1 a wasan ƙarshe suka ɗauki kambin duniya. Su ne ƙungiyar gari ta ƙarshe da ta yi wa Kanada wannan aiki, kuma ƙasar ba ta sake cin gasar duniya ba sai 1994. Da suka koma a 1963, na huɗu suka zo. A lokacin ne wani limamin Katolika, Fada David Bauer, ya shawo kan hukuma aka kafa ƙungiyar ƙasa ta dindindin domin Olamfik na 1964. Daga nan Kofin Allan ya daina zama hanyar zuwa Turai.

Yadda Kasuwa Ta Watse

Rashin tafiya Turai ba shi kaɗai ya karya gasar ba. Tun 1952 aka fara nuna wasannin NHL a talabijin kowane daren Asabar, mutumin da a da zai sa rigar sanyi ya tafi filin garinsu sai ya zauna a ɗaki ya kalli gwanayen Toronto da Montreal kyauta. A 1967 NHL ta faɗaɗa daga ƙungiya 6 zuwa 12, a 1972 wata sabuwar gasar sana'a mai suna WHA ta fara wasa. Gwanin da a da zai ƙare rayuwarsa yana aiki da rana yana wasa da dare, yanzu ga albashi yana jiransa. Masu kallo kuma suka fi karkata ga gasar samari, inda suke ganin taurarin gobe.

Cikin wannan hali ne ƙungiyoyin Amurka da ke buga wasa a rukunonin Kanada suka fara ɗaukar kofin. Garin Spokane ya ci sau huɗu, a 1970, 1972, 1976 da 1980. Warroad Lakers, daga wani ɗan gari a Minnesota da mutanensa ba su kai 2,000 ba, suka ci sau uku a jere, 1994, 1995 da 1996, suka faɗi a wasan ƙarshe na 1997, daga nan ƙungiyar ta watse. Kofin zakarun Kanada ke nan yana kwana a ƙetaren iyaka sau bakwai, kuma dokar cancanta ba ta hana ba, tun da rajistarsu ta hannun hukumar Kanada take. A 1984 aka sake wa matakin suna ya zama AAA, na ƙasa da shi AA. Thunder Bay Twins ne suka fi kowa haskawa a wannan zamani, da kofi biyar tsakanin 1975 da 1989. A tsibirin Newfoundland, Corner Brook Royals suka kawo kofin karo na farko a 1986, amma gasar sayo 'yan wasa daga waje ta cinye aljihun ƙungiyoyin tsibirin, shekara uku bayan haka rukuninsu ya durƙushe.

Maganar Masaukin Baƙi

Tsohon tsari na Gabas da Yamma yana bukatar ƙungiya ta yi makonni tana tafiya daga lardi zuwa lardi, a ƙasar da hanyar da ta ratsa ta daga teku zuwa teku ta fi kilomita 7,000. Malamin makaranta ko mai gyaran famfo ba zai iya barin aiki haka ba. Saboda haka daga farkon shekarun 1990 aka zauna a kan sabon tsari: a zaɓi gari guda tun da wuri, zakarun yankuna su taru can su yi mako guda suna karawa, a ba ƙungiyar garin kujera ko ta cancanta ko ba ta cancanta ba. Da farko ƙungiya huɗu ne, daga baya aka kai shida. Hujjar a fili take. Ba wanda zai sayi tikiti a garin da ba ya da ƙungiya a cikin gasar, kuma in ba tikiti ba kuɗin otal da na jirgi.

Amma a duba sakamakon. Brantford ta sauki baƙi a 2008 ta ci. Fort St. John ta sauka a 2010 ta ci. Bentley Generals su ne masu masauki a 2013, suka ci. Dundas a 2014 haka. Lacombe a 2019 haka. Ba na cewa waɗannan ba gwanaye ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ƙungiyar da ta san tun shekara guda kafin gasa cewa kujerarta tabbatacciya ce, tana da damar tara kuɗi da jawo gwanaye, ta kwana a gidanta, ta huta yayin da sauran ke gwabzawa a wasannin share fage. Kuma garin da ke da ƙarfin neman masauki, yawanci shi ne mai ƙungiyar da ta fi kuɗi. Hausawa na cewa kowa ya fi ka gona ya fi ka hatsi.

Maganar cancanta ita ma ta sake kama. Yanzu ba a tambayar ko mutum ya taɓa karɓar albashi, domin manyan ƙungiyoyin AAA cike suke da tsofaffin 'yan sana'a da suka dawo gida daga ƙananan rukunoni ko daga Turai. Abin da ake tambaya shi ne yaushe ya bar sana'ar, a ina yake zaune, kuma wasa nawa ya buga wa ƙungiyar kafin gasa. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Theoren Fleury, wanda ya ci Kofin Stanley da Calgary a 1989 da zinariyar Olamfik a 2002. A kakar 2004 zuwa 2005, lokacin da aka rufe NHL saboda rikicin albashi, ya shiga Horse Lake Thunder, ƙungiyar wata al'ummar 'yan asalin ƙasa a arewacin Alberta. Hukumar lardin ta hana shi, ya ɗaukaka ƙara aka ƙi, ya sake ɗaukakawa aka bari. Jama'a suka yi cincirindo a Lloydminster don ganinsa, amma aka fitar da ƙungiyar tasa a wasan kusa da na ƙarshe, Thunder Bay Bombers suka ɗauki kofin 2005. Darasin da masu shirya gasa suka ɗauka shi ne suna yana cika fili. Darasin da ƙananan ƙungiyoyi suka ɗauka kuwa shi ne, gara su tsaya a matakin AA su nemi kambin lardinsu da 'ya'yan garinsu, da su ci bashi don karawa da irin waɗannan.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya faru a 2019, wanda a wurina ya fi kowane lissafi bayyana halin da ake ciki. Generals, waɗanda suka tashi a Bentley, garin da ke da mutum wajen 1,000, suka koma Lacombe, sun ci kofin sau huɗu: 2009, 2013, 2016 da 2019. Makonni kaɗan bayan na huɗun suka ba da sanarwar rufe ƙungiyar, domin abokan karawa a yankinsu sun yi ta janyewa. Sai annobar korona ta zo, ba a yi gasar ba a 2020 da 2021 da 2022, shekara uku a jere, abin da yaƙin duniya ma bai yi ba. Da aka dawo a 2023, a Dundas ta Ontario aka yi, da ƙungiya huɗu, biyu daga cikinsu daga yankin Hamilton guda. Dundas Real McCoys suka ci, suka kuma sake ci a gida a 2024. Kyautatawa ce babba da mutanen wannan yanki suka yi da suka ɗauki nauyin gasar sa'ad da wasu suka saki, amma gasar da ke zama a yanki guda, ba wakilin lardunan da dama, da wuya a ci gaba da kiranta ta ƙasa.

Hanyoyin da ke gaba ba su da yawa. Ana iya barin kofin a hannun ƙungiyoyin AAA 'yan kaɗan da suka rage, a ci gaba da sassauta doka don su cika fili da tsofaffin taurari. Ana kuma iya sauko da shi, a buɗe ƙofa ga zakarun AA na kowane lardi. Ni dai ta biyun na fi gamsuwa da ita, domin hokin manya bai mutu a Kanada ba. Har yanzu akwai rukunoni a ƙauyukan Saskatchewan da Manitoba da Alberta, kuma a Newfoundland jama'a na cika fili don Kofin Herder, wanda daga can ne Clarenville ta fito ta ci Kofin Allan a 2011, Grand Falls-Windsor kuma a 2017. Masu adawa za su ce ingancin wasa zai ragu, kuma gaskiyarsu ne. Amma an taɓa yin haka a 1951 sa'ad da aka ware manyan birane aka ba su nasu kofi, kuma abin da ya biyo baya shi ne zamanin Penticton da Whitby da Trail.

In za a yi haka, dole a taɓa abu biyu tare. Na farko, a ƙayyade yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta ɗauko daga wajen yankinta, a kuma sa ranar rufe rajista tun tsakiyar kaka, ta yadda ƙungiyar da ta ci lardinta ita ce za ta zo gasar, ba wata sabuwa da aka harhaɗa a watan Maris ba. Na biyu, masauki ya riƙa zagayawa tsakanin Yamma da Tsakiya da Gabar Atlantika bisa jadawalin da aka tsara tun da wuri, kuma Hockey Canada, wadda ta gaji CAHA a 1994, ta ɗauki wani kaso na kuɗin tafiya, tun da da kuɗin wannan kofi aka raini hukumar a shekarunta na farko. Kujerar mai masauki kuwa, ban ga yadda za a soke ta ba muddin tikiti ne ke biyan kuɗin jirgi. Abin da za a iya yi shi ne a wajabta masa buga cikakkiyar kaka a rukuni ɗaya da maƙwabtansa, ƙarƙashin dokar rajista ɗaya da kowa.

Ainihin kofin da Sir Montagu ya bayar yana ajiye a ɗakin tarihin hoki da ke Toronto, kwafinsa ne ake miƙa wa zakaru.